Wa Ya Koya wa Oga? Bitar Littafin African Motors

Joshua Grace malamin tarihi ne a Jami'ar South Carolina ta ƙasar Amurka. Da ya tashi rubuta tarihin mota a Tanzaniya, bai tsaya ga tsofaffin fayilolin gwamnati ba. Sai da ya je Dar es Salaam ya miƙa kansa ga kanikawa ya zama yaron gareji, hannunsa ya sha baƙin mai kamar na kowa. Ya kuma zauna da ɗaruruwan mutane, direbobi da kanikawa da fasinjoji, ya ɗauki labarinsu daga bakinsu. Abin da wannan wahala ta haifa shi ne African Motors, wanda maɗaba'ar Jami'ar Duke ta buga a 2021. Da Turanci aka rubuta shi, kuma ba a kan ƙasarmu aka yi shi ba. Amma duk wanda ya taɓa wuni a kan benci a bakin gareji a Matazu ko Malumfashi yana jiran a ɗaura masa inji, zai karanta shi yana gyaɗa kai. Mutanen da ke ciki ya san su sarai, suna ne kawai ya bambanta.

Tarihin mota yadda aka saba ba da shi gajere ne: Bature ya ƙera, mu muka saya, muka hau, muka kashe. A cikin wannan labari bakanike ba kowa ba ne, mutum ne da ake tunawa da shi ranar da abu ya lalace. Grace ya ƙi yarda. Hujjarsa ita ce motar da ta shekara ashirin tana bin hanyoyin Tanzaniya, an sauya mata inji, an sake mata bodi, an haɗa mata kayan wata motar da ba danginta ba, ta riga ta tashi daga abin da kamfani ya fitar. Wata aba ce dabam, kuma waɗanda suka yi ta su ne masu baƙin hannun nan da ke aiki a gindin bishiya. A wurinsa gyara ma ƙira ce, kuma inda ake koyon wannan ƙira makaranta ce, ko da ba ta da aji, ba ta da rajista, ba ta ba da takarda.

Abin da ya fara burge ni shi ne inda ya ɗauko zaren. Babin farko da ƙafa ya fara, ba da taya ba: 'yan dakon ayari da ke ɗaukar kaya a ka tsakanin bakin teku da cikin ƙasa a ƙarni na 19, tun kafin Jamus ta kafa mulkinta a can, balle Ingila da ta karɓe ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana so ya nuna cewa mota ba ta tarar da mutane a zaune ba. Ta tarar da masu sanin hanya da zango da lissafin tafiya, sai suka ɗora ta a kan abin da suka riga suka iya. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Jikokin fataken da suka bi madugu zuwa Gwanja neman goro su ne suka koma dakon goron a gingimari, kuma har gobe tashar mota ba ta rabu da ladubban zango ba: ga mai masauki, ga ɗan kamasho, ga wanda ake ba ajiya ba tare da an rubuta komai ba.

Tsokar littafin dai tana babi na biyu, wanda ya keɓe wa gareji. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi gaggawar koya wa 'yan ƙasa aikin inji ba. Makarantun sana'a irin na Ifunda da Moshi sai a shekarun 1950 aka gan su, ana dab da ba da mulkin kai a 1961, kuma ɗaliban da suke ɗauka ba su taka kara sun karya ba in aka auna da yawan samarin da ke son aikin. To sauran ina suka koya? A gareji: na gwamnati, na kamfanoni, na 'yan kasuwa baƙi, daga baya kuma na 'yan uwansu da suka buɗe nasu a bayan gida ko gefen titi ba tare da lasisi ba. Grace ya bi wannan silsila ya nuna yadda saurayin da bai yi nisa a boko ba, ba shi da gona a birni, ba shi da uban gida a ofis, yake samun abin tsayawa da ƙafarsa ta hanyar sanin inji. Ya yi suna, ya yi aure, ya riƙe gida, ya tara nasa yaran. Garejin yana tayar da mota, yana kuma tayar da magidanci, kuma marubucin ya ba wa na biyun muhimmanci daidai da na farkon.

Ilimin da ake samu a can na kunne ne da hanci da tafin hannu, kuma littafin bai raina shi don haka ba. Wannan ne ya sa na sake duban abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. A-kori-kura ta shigo gareji a Matazu ranar kasuwa, ta danne da buhunan masara. Direba ya leƙo ya ce, "Oga, tana fizga, ga shan baƙin mai." Oga bai taɓa ko noti ɗaya ba tukuna. "Ba ta wuta," in ji shi. Ya ɗauki doguwar sukuddireba ya kafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, yana matsawa daga wannan silinda zuwa waccan. Ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya dubi launin hayaƙin: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri ruwa ya sami hanyar da ba tasa ba. Ya sa aka kwance fulogi ɗaya ya duba bakinsa. Sannan ya ce, "Ringi ne, Alhaji. Za ta kai ka Funtua ta dawo, amma kada ka matsa mata. Jibi ka kawo a sauke." Yaron da ke riƙe da sifana yana tsaye, babu wanda ya yi masa bayanin komai. Amma ya ga inda aka kafa sukuddireba, ya ji ƙarar, ya ga launin hayaƙin, kuma wata rana shi za a ce ya saurara ya faɗi abin da ya ji.

Ko kuma a rasa gasket na famfon ruwa, shagon da za a samu kuwa sai an yi tafiya. Oga ya sa a kawo kwali mai kauri, ya ɗora a kan bakin ƙarfen, ya riƙa bubbuga gefen da 'yar guduma a hankali har kaifin ƙarfen ya yanke kwalin daidai siffarsa, ramukan noti ma su fito ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa giris ya ɗaura, mota ta tashi. Injiniyan kamfani zai kira wannan aikin wucin gadi, kuma bai yi ƙarya ba. Grace zai tambaye shi: da babu wannan wucin gadin, masarar nan da me za ta isa kasuwa?

Shiga aikin ma da tsarinsa. Uba ne ke riƙo hannun yaro ya kawo: "Malam, ga ɗanka nan, amana na ba ka. In ya kauce ka gyara shi." Oga ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa, Baba." Daga nan sai shara da aike da wanke kaya a fetur. Karatun farko shi ne lambar sifana, yaro ya iya duban kan noti ya san 10 ne ko 12 ko 17 ba tare da ya gwada ba. Sai kwance taya, sai birki, sai kuloci da giyabos. Cikin inji kuwa sai an shekara ana kallo kafin a bar shi ya sa hannu. Tsarin ya yi kama da na makarantar allo: manya ke biya wa ƙanana, ba kalanda ke yaye mutum ba sai malam ya gamsu, kuma ranar yaye akwai addu'a da walima da sa albarka, wadda a wurin mutane da yawa ta fi kowace takarda nauyi.

Wurin da littafin ya fi ƙara mini sani shi ne zancen rashi. Tanzaniya ta Julius Nyerere ta ɗauki hanyar gurguzun da suka kira ujamaa bayan Sanarwar Arusha ta 1967. Ƙasar ba ta haƙo man fetur, sai ga tashin farashin mai na 1973, ga na 1979, ga yaƙi da Yugandar Idi Amin a 1978 zuwa 1979. Kuɗin waje ya ƙafe, kayan safaya suka yi ɓatan dabo, motocin hukuma suka riƙa zama a kan duwatsu. A wannan zamani ne ƙimar bakaniken gefen titi ta fito, don shi ne ya san wace mota za a yanka a raya wata, wane fistin zai zauna a injin da ba nasa ba in an ɗan rage masa. Abin lura ga mai karatu na nan shi ne, bugun da ya durƙusar da su a 1973 mu ɗaga mu ya yi. Lokacin da suke neman noti ido rufe, mu muna cikin kuɗin ƙarin albashi na Udoji, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, Volkswagen na Legas, Steyr na Bauchi, Fiat na Kano. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota ya sayi sabuwa dal, in abu ya lalace a cire a sa sabo. Namu zamanin rashin sai da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 ya iso, tsuke bakin aljihun Shagari a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na Babangida, wato SAP, a 1986, shekarar da ita ma Tanzaniya ta sa hannu da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika hanya. Daga nan kasuwannin Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna suka zama abin da suka zama, kuma bakaniken da ya iya raya matacce ya fi wanda ya iya sauya sabo kasuwa.

Karatun littafin ya bar ni da tambayar da na sa a kan wannan bita. Ogan da ke Matazu wani ya koya masa, shi ma wani ya koya masa. In aka bi silsilar a ina za ta tsaya? Motocin farko a ƙasar Katsina na sarauta ne da na Turawa da na kamfanoni. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka rungumi mota. A lokacin direba shi ne bakanike, don in ta mutu masa a daji ba shi da wanda zai kira, yaron motarsa kuma shi ne ɗalibinsa. Sai garejojin En'e da na ma'aikatar ayyuka. Sai layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929, da injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtua da Malumfashi, waɗanda suka jawo manyan motoci suna kwasar auduga da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tasha. Sai sojojin da suka je ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da yawansu suka dawo da tuƙi da gyara a hannu. Sai shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975, da taraktocinsa da injinan gyaran hanya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya yaye mutanen da suka fita suka kafa rumfa, suka tara yara. Kuma a gefensu duka akwai maƙeri, wanda ya riga kowa sanin halin ƙarfe da wuta, wanda 'ya'yansa da yawa suka koma walda da gyaran bodi.

Wannan silsila ba mu rubuta ta ba. Direba ya sami rabonsa na yabo. Mamman Shata, mutumin Musawa da ke maƙwabtaka da Matazu, ya yi wa Bawa Direba waƙar da har yau ake saurare. Wanda ya kwana a ƙarƙashin motar don direban ya kama hanya da asuba kuwa, sai dai a ce masa sannu da aiki. A Kudu an ɗan taɓa: Sara Berry, a littafinta Fathers Work for Their Sons na 1985, ta bi 'ya'yan manoman koko da suka shiga kanikanci a Ile-Ife. Abin da Grace ya yi wa Dar es Salaam shi ne ya ɗauki bakin bakanike a matsayin hujjar tarihi daidai da fayil ɗin Gwamna, kuma wannan kaɗai ya isa a gode masa.

Kada a ɗauka raina bakanike ciwon Afirka ne. Kevin Borg, a littafinsa Auto Mechanics na 2007, ya nuna cewa a Amurka ma kanikawan farko direbobin attajirai ne da maƙera da masu gyaran keke. Da aka shigar da aikin cikin makarantun gwamnati bayan dokar Smith-Hughes ta 1917, sannu a hankali ajin gyaran mota ya zama inda ake tura yaran da aka yanke wa ƙauna a karatu. Kamfanoni suka ƙayyade wa kowane gyara lokacinsa da ladansa, aka kafa hukumar jarrabawar kanikawa ta ASE a 1972, amma zargi tsakanin mai mota da mai gyara bai gushe ba. In ka haɗa littattafan biyu sai ka ga bambancin: Borg yana ba da labarin sana'ar da kamfani da makaranta suka yi ta ƙoƙarin sa wa linzami, Grace kuwa na sana'ar da aka yi watsi da ita ta shimfiɗa wa kanta doka.

Yanzu ga inda nake da ja. Grace ya ci abinci da kanikawa, ya zama ɗan gida, kuma ana jin haka a alƙalaminsa. Yana kare su daga rainin da aka daɗe ana yi musu, ya kuwa kyauta, amma mai kare ɗan uwansa ba ya cika tsayawa kan aibinsa. Mu da muke kai musu mota mun san ba kowace dabara ce hikima ba. Ɗauki abin nan da ya zama ruwan dare a garejojinmu: ɗan Kwatano ya iso, abu na farko a cire masa tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa, wai motar ƙasar sanyi ce. Inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, sai ya riƙa shan mai fiye da kima yana cin kansa a hankali. Ko a ƙara wa a-kori-kura ganyen sifirin don ta ɗauki ninkin kayanta, alhali birkin nan dai shi ne na jiya. Ko fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, maimakon a nemi dalili sai a cire ƙwan. Wannan ma ilimin gareji ne, haka aka gada daga oga zuwa yaro, da kuskuren da daidai ɗin a faifai guda. Makarantar da ba ta rubutu tana da wuyar gyara kuskurenta, don ba mai ja da oga. Na so a ce littafin ya zauna a kan wannan kamar yadda ya zauna a kan gwaninta.

Haka kuma rayuwar yaron gareji. Waɗanda mai bincike zai samu ya yi hira da su, galibi waɗanda suka kai gaci ne, suka zama oga, suna tuna wahalar jiya da murmushi. Wanda ya shekara biyar yana wanke noti a fetur da hannu tsirara, ba albashi sai kuɗin abinci, ogan yana ɓoye masa sirrin saitin inji don kada ya tashi da wuri, har ya gaji ya koma acaba, shi ba ya gareji balle a tambaye shi. Wanda aka yaye kuma ba shi da kuɗin akwatin sifana, sai ya ci gaba da zama a inuwar ogan da gemunsa. Kuma da yake kowane yayayye burinsa ya buɗe tasa rumfar, garejoji suna yawa ne ba sa girma. Ba mai tara jarin da zai sayi injin ɗaga mota ko na'urar awo.

Ta fuskar mata, littafin bai ɓoye cewa gareji duniyar maza ce ba, hasali ma yadda ake gina mazantaka a cikinsa yana cikin jigoginsa. Mai karatu a Najeriya zai tuna Sandra Aguebor, wadda ta kafa shirin Lady Mechanic a 2004 tana koya wa 'yan mata aikin, ya san ƙofar ba a kulle take da kwaɗo ba.

Ja na biyu na wuri ne. Garejojin da ya zauna a ciki na babban birni ne mai tashar jiragen ruwa. Bakaniken karkara wani mutum ne dabam. A Matazu wanda ya fi kowa aiki ba mai gyaran mota ba ne, mai gyaran babur ne, don Boxer ɗin nan mai ƙafa biyu ita ce motar asibiti, ita ce ta kai amarya, ita ce ta kai taki gona. Bayansa sai mai injin ban ruwa da injin niƙa da janareto, sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke duba su duka. Kasuwarsa tana bin damina da kaka: kafin shuka a tayar da tarakta, bayan girbi manomi ya sami kuɗin sauke inji, tsakanin nan kuwa bashi ne, a biya da kwanon dawa in Allah ya kai mu. Shi kansa ogan yana da gonarsa, ranar noma yaran gareji su ne 'yan gayya. Tarihin sana'ar a ƙasar noma ba zai rabu da tarihin auduga da masara ba, kuma wannan babi ne da ba a Dar es Salaam za a rubuta shi ba.

Sauran babobin zan ratsa su da sauri. Akwai na motocin bas na birnin, yadda kamfanin gwamnati na UDA ya kasa ɗaukar jama'a har aka halatta ƙananan bas na 'yan kasuwa, daladala, a 1983. Akwai na man fetur da siyasarsa, wanda ya fi sauran nauyin karatu, ya kuma ɗan yi nisa da ƙamshin gareji. Akwai na direbobin doguwar hanya da yadda suke riƙe gida suna bisa titi. Duk suna da amfani, amma wanda sana'ar gyara ta kawo shi zai iya karanta gabatarwa da babi biyu na farko ya tashi da riba. Turancin ma a wasu wurare na malaman jami'a ne, mai jimla doguwa da kalmomin da sai an tauna. Abin takaici ne a ce mutanen da aka rubuta littafin a kansu su ne za su fi shan wuyar karanta shi.

Babban abin da ya rage shi ne inda labarin ya tsaya, wato farkon shekarun 2000, daidai lokacin da motar kanta ta fara sauya hali. Tun daga 1996 duk sabuwar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da kafar da ake soka na'ura a karanta ciwonta, wadda ake kira OBD-II, Turai ma ta bi sahu. Waɗannan motoci su ne suka tsufa a can suka iso mana. Kafireto da ake wankewa da fetur a busa da baki ya ba wa injekta wuri, ga birenbos, ga sansa a kowane lungu. Ogan da kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba sai ya tsaya yana kallon motar da ta ƙi tashi alhali komai nata lafiya a ido. Da farko an yi maganin abin ta hanyar da aka saba, a cire injekta a mayar da mota kafireto. Yanzu hakan ba ya yiwuwa ga yawancinsu. Sai ka ga an kira wani saurayi da ya gama sakandare, ya zo da 'yar na'ura da waya, ya soka, ya karanta lamba, ya duba YouTube, ya ce sansar iska ce. Ga shi yanzu yaro ke sanin abin da ogansa bai sani ba, kuma da harshen da ogan ba ya ji. Sai dai na'urar lamba take bayarwa, ba ta nuna inda ɓera ya ci waya. Nan kuma dole a koma wa mai hannu. Na ga an sauya sansa uku a mota ɗaya bisa umarnin na'ura, ashe wata waya ce ta goge a jikin bodi, wani dattijo ya lalubo ta da yatsa.

Ta ɓangaren takarda ma abubuwa suna motsi. Mun daɗe da jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku, da asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna tun 1977, da hukumar jarrabawa ta NABTEB tun 1992, da kwalejojin fasaha irin na Funtua da Mashi. Matsalar da kowa ya sani ita ce mai takarda sau da yawa bai taɓa sauke inji ba, mai sauke inji kuma ba shi da takardar da zai nemi aikin kamfani ko kwangilar gyaran motocin hukuma. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugabantar Kaduna Polytechnic kafin ya koma NBTE a 2021, ya ja masu sana'ar Panteka a jiki, kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa yanzu ya yarda a gwada mutum a kan abin da ya koya a bakin aiki a ba shi shaida. Wannan ita ce hujjar Grace ta shiga ofis, ko da masu tsarin ba su taɓa jin sunansa ba. Sai dai daga Panteka zuwa Matazu akwai tafiya, kuma ga wani sabon aiki ya taso: tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 gwamnati ke kiran a mayar da motoci masu amfani da iskar gas, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya riga ya mayar da ƙananan bas masu aiki da lantarki. Tukunyar gas mai matsi da batirin da ke iya kashe mutum nan take ba su karɓar gwaji da kuskure irin na kwali da guduma, kuma cibiyoyin da ake koyar da aikinsu a manyan birane suke.

Ga ɗalibin tarihi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma da ke neman abin bincike, hanyar da Grace ya bi a buɗe take, kuma ba ta bukatar kuɗin jirgi. Fayilolin En'e da na ma'aikatar ayyuka suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Dattawan da suka koyi aiki a zamanin Bedford da 404, suka ga zuwan 504 da tafiyarta, wasunsu suna nan a Funtua da Malumfashi da Kankiya suna zaune a bakin garejin 'ya'yansu, kuma kowannensu yana iya lissafo maka ogansa da ogan ogansa. Sharaɗin dai shi ne wanda marubucin ya cika: ba za su buɗe baki sosai ga mai farar riga da ya zo da takardar tambayoyi ba, sai wanda ya yarda aka aike shi ya ɗauko sifana 14 ya kawo daidai.